Dattijon da Ya Ajiye Dashen Malberi

A kasuwar dashe ta Winnipeg, wani dattijo ya daɗe tsaye gaban rumfar Darlene. Rigar sanyinsa ta yi masa yawa, ga robar asibiti ɗaure a wuyan hannunsa. Yana ta shafa dashen itacen malberi.

"'Yata, yaushe wannan zai fara 'ya'ya?"

"Sai shekara biyar, Baba, in sanyi ya bar shi. Sitiroberin daji kuwa bana za ka ci."

Ya soma ƙirga shekarun da yatsu. A na biyu ya tsaya, idanunsa suka raina fata. Gaban Darlene ya faɗi, don ta ga mahaifinta ya yi irin wannan ƙirgar.

Ya ajiye malberin a hankali kamar jariri.

"Ba ni na banan," in ji shi.