Madubina Yana Shagonka, Tokuji

Yau Alhamis, sha bakwai ga Oktoba. Tarin ya ɗan lafa, amma gwiwar hagu ta hana ni kaiwa ko bakin titi, idona kuma ba ya gani sosai, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ranar Litinin da hantsi 'yarka Chizuru ta bugo waya ta ce ka cika, Numata Tokuji, kana zaune a shagonka na gyaran bindigogi, sukudireba a hannu. Ban iya zuwa jana'iza ba. Turare kawai na kunna maka a nan gida, kusa da hoton matata.

Kowa a wannan kwarin na Hidaka ya san yadda kake gwada madubin bindiga, wanda maharbi ke leƙawa ya yi saiti. Sai ka tura shi cikin dusar ƙanƙara ya yi sanyi ƙalau, sannan ka tsoma shi a maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke bayan shagon. In raɓa ta taru a cikin gilashin, ba zai hau bindigar kowa ba.

Ina tuna shekarar da idona ya fara rauni, na je birnin Sapporo na sayo wani madubi, na kawo maka ina taƙama da takardar garantinsa.

"Garantin iya rayuwa ne," na ce.

Ka yi masa wankan nan naka, ka miƙo mini. Na leƙa, fari fat, ko dutsen da ke gabanmu ban gani ba.

Ka ce, "Yaya Eizo, takardar za ka miƙa wa beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta karanta? In ta riske ka, rayuwar ta ƙare, garantin ma ya ƙare. Mutanen nan sun iya dabara."

Ka ɗauko wani mai nauyi, mara ado, wanda ya riga ya sha wankan, ka ɗaura mini. Na ce, "To kai ina garantinka, mai baƙin baki?"

"Ga shi tsaye a gabanka. Muddin ina numfashi."

Kuma ka cika alkawari. Kowace kaka kafin a buɗe farautar barewa kana hawowa da ƙaramar motarka, ka daidaita mini saiti, ka sha shayi, ka kushe tsamin kabejina, ka cinye. Bayan rasuwar matata, kai kaɗai ne ba ka rage zuwa ba. Na san madubin ba ya bukatar duba sau uku a wata. Ni kake dubawa.

Makon jiya na ga saitin ya ɗan kauce, ka kwance madubin ka tafi da shi, ka ce zuwa Laraba. Yanzu yana kan teburinka, bindigar kuma tana nan a akwatinta, makauniya kamar mai ita. Shekaranjiya na ga sawun beyar a gonar kabewa, jiya kuma na gan shi a gindin rumbu. Babba ce, tana neman ƙiba kafin sanyi. Gidan tsohuwa Hatsue na ƙasa da nawa, kullum da safe tana fita ɗebo ganye, ba ta ji sosai. Maharban gari sun ce za su zo, amma suna can wani kwarin. A nan ni kaɗai ne maharbin da ya rage, kuma ban sani ba ko ka gama gyaran.

Allah ya ji ƙanka, Tokuji, ya haskaka maka hanya yadda ka haskaka mana gani. Ina yi wa matarka Sadae ta'aziyya, da Chizuru da 'ya'yanta. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Chizuru ta ce za ta kawo mini madubin yau da rana. Na dafa shayi, na jawo kujera bakin taga. Rana ta faɗi bayan dutse, shayin ya huce, ba ta zo ba. Karen Hatsue ya fara haushi.