Ban Taɓa Ba Shi Gaskiya Ba

Ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa jin hakan ya rage ni da komai ba. A Dogarawa, in ana taron suna aka ce ga ni nan zan ba da labari, mata kan bar tukunya a kan wuta su zo. Na san inda ake jan magana, na san inda ake sakinta ta huta. Wannan sanin ne ya sa 'ya'yana maza biyu suka naɗa ni alƙali a kan Ingilishi, harshen da ko ruwan sha ban iya roƙo da shi ba.

Babban shi ne ɗan farina. Ya yi lakwal a Konni, ya ci gaba har ya zama mushe, wato malamin makaranta, yana koyar da Ingilishi a Malbaza. Ƙaramin, autana, a hannun ƙanena ya tashi a Sakkwato. Can ya tsinci nasa Ingilishin, rabi a makaranta rabi a tasha, ya ƙare direban babbar mota mai jigilar albasa. Duk Juma'ar da Allah ya haɗa su gida, in an sauko daga masallaci, sai su baje tabarma gindin dogon yaron tsakar gidana, a dama fura, gardama ta tashi.

Rubutun bayan mota ne mafarin abin. Auta ya sa an yi masa wata magana da jan fenti, yana ta taƙama. Babban ya zagaya motar, ya riƙe haɓa, ya ce, "Wa ya rubuta maka wannan? Ya bar maganar tana gudu ba birki. Ina waƙafi?"

"Yaya, waƙafi na 'yan alli ne. Mu a hanya ba mu tsayawa sai an tare mu."

"Shi ya sa Ingilishinka ke warin gas."

"Naka fa? Bafaranshe ya koya maka, ta hanci kake yin sa. Ka tsallaka Illela da shi ka gani ko za a sayar maka da burodi."

Na tambaye su mene ne waƙafi. Babban ya zana mini a ƙasa da tsinke: ɗigo ne mai 'yar wutsiya, kamar ɗan kwaɗon da bai gama zama kwaɗo ba. Ya ce wurin shan numfashi ne, shi kuwa ɗigo marar wutsiya wurin sauke kaya ne gaba ɗaya. Na ce, ashe abin da nake yi tun ba a haife ku ba shi Nasara ya yi wa hoto. Suka bushe da dariya. Daga ranar aka kafa doka: kowa ya karanta yadda yake ganin daidai, ni in saurara in yanke.

Sun yi gardama a kan takardar kwastan, da kwalin shayi, da saƙon da ake aiko wa auta a waya. Yau a kan ɗigo, gobe a kan wane baƙi ne ya kamata ya zama babba, jibi a kan wata 'yar alama da ke rataye a sama wadda auta ya ce kashin ƙuda ce. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma kunnena ba ya ƙarya. In babban ya karanta, maganar takan taka kamar mace mai tulu a ka, ta tsaya inda ya dace, ko ɗigon ruwa bai zuba ba. In auta ya karanta, kamar an kwance akuya.

Amma kullum auta nake ba gaskiya.

To, ɗan fari ne fa. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". Yana barin nono kakarsa ta ɗauke shi, ni kuwa ko ya faɗi a gabana ba na ɗaga shi in da idon mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka san 'yar mutunci. Kuma an san ni da wannan kunyar har Tajaye, inda dangin mijina suke, ana ba amare misali da ni. Yaya za a yi in buɗe baki a gaban matarsa da ƙaninsa in ce shi ya iya?

Sai in ce, "Auta ya ci." Auta ya tashi yana rawa da ludayi. Babban ya girgiza kai yana murmushi ya ce, "Wannan kotu dai sai Allah." Wata rana ya ƙara da cewa, "Inna, ko sau ɗaya dai, don a san ana shari'a." Da dariya ya faɗa. Na ce a raina akwai lokaci, wata rana za mu kaɗaita in gaya masa. Mun kaɗaita ba sau ɗaya ba. Kowane karo sai in tambaye shi lafiyar yara, in ƙara masa fura.

Shekarar da ciwon ciki ya kwantar da shi, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gidansa a Malbaza. Na je da la'asar. Ɗakin cike: matarsa, surukarsa, da wasu malamai biyu abokan aikinsa. Na zauna can bakin ƙofa, inda uwar ɗan fari ke zama.

Sai ga auta, ƙurar hanya a gira. Ya gaida mutane, ya ɗauki kwalin magani ya yi rubutu a bayansa, ya ce, "Yaya, sabuwar mota zan yi wa fenti. Duba mini, ko da yake na san ba ka da abin gyarawa."

Babban ya kai kwalin kusa da ido. Na ga bakinsa ya motsa, irin motsin da na sani. Ya ce, "Kai, wannan ɗigon me ya kawo shi tsakiyar magana? Ka yanke mata wuya."

"Nan ne wurinsa. Ga Inna, a karanta mata."

Auta ya karanta. Ban taɓa jin ya yi muni haka ba, yana tsayawa inda ko jariri ba zai tsaya ba. Sannan babban ya karanta. Muryar ta zama siririya, numfashin ma aro yake yi, amma duk da haka ya kai maganar gida lafiya, ya sauke ta a hankali. Ya juyo da kai wajena ya ce, "To, alƙali?"

Surukarsa na kallona, malaman na murmushi. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, wallahi na ji ɗuminta. Na gyara lulluɓi, na dubi ƙasa, na ce, "Auta ya ci."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Auta bai yi rawa ba. Ya ajiye kwalin ya fita waje.

Kwana huɗu bayan nan aka yi masa sutura. A zaman makoki ban zubar da hawaye ba, mata suna ta nuna ni suna cewa, kun ga kunya irin ta mutanen da, ɗan fari ya tafi ko idonta bai yi ja ba. Na karɓi yabon, na ce Allah ya ba da lada.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, auta ya zo ya tsuguna gabana. Ya daɗe yana tona ƙasa da makullin mota kafin ya ce, "Inna, ba ni da wata sabuwar mota. Da gangan na sa ɗigon nan inda bai dace ba. Na lalata karatun iya lalatawa, don kada ki sami hanyar ba ni gaskiya."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To, me ya sa?"

Ni da ban taɓa rasa bakin magana a gaban taro ba, sai na kau da kai. Na ce ya tashi ya kai wa matar yayansa tuwo, tun safe ba ta sa komai a bakinta ba.