Ranar da Madam Odil Ta Riƙe Mini Tasa

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, akwai rana ɗaya a aikin guga da ba za ta fita raina ba. Shekarar da aka yi mugun sanyin nan ne a Faransa, har ruwa ya daskare cikin famfo, bayan farin da ya cinye shanun mutanenmu a Damagaram. 'Yan boko sun ce 1985 ce, watan Janairu. Ni dai abin da na sani, mijina, baban su Rabi, bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ni da 'ya'ya uku a wani ɗaki can sama a Saint-Denis, gefen Paris, ba mai ciyar da su sai hannuna.

Ku 'yan yanzu da kuke aikin wanki da inji mai maɓalli, bari in faɗa muku yadda namu yake. Ina aiki ne a wani gida a Paris da ke ba masu shirya fim hayar tufafi. In za a ɗauki fim, sai a loda kaya a kamiyo, babbar motar kaya, a haɗa da ma'aikata, mu bi su duk inda suka tafi. A wurin ɗauka, babba shi ne mai ba da umarni. Namu wani dogo ne, muna ce masa Mai Gemu. A ɓangaren tufafi kuwa, shugaba ita ce Madam Odil, sai masu sa wa 'yan wasa kaya, sai teloli, sai ni Zainabu a can ƙasa da dutsen gugata. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma Faransancina da kunne na tsince shi, kuma ba a taɓa dawo mini da riga don ta yamutse ba.

Madam Odil tsohuwa ce, kai fari fat, siririya kamar kara, baki kamar almakashi. Tana da doka ɗaya: duk wadda ta bar teburin aikinta ta je gaban kamara, ta ɗauki jakarta ta ƙara gaba. A idona ta kori wata yarinya 'yar Fotugal don leƙe kawai.

A wancan watan aka kai mu Lyon, wata tsohuwar masana'anta a Saint-Fons, inda iska ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na sauka wurin Hajiya Indo, ƙanwar mijina, a unguwar Minguettes. Tun da na fara buɗe akwatuna abin ya ɗaure mini kai: alharini da zinariya an ware wa baƙar fata, tsummokara an ware wa Turawa. Akwai wani Malam Idi, Bakatsinen Maraɗi da ke karatu a jami'a, ya zo cikin masu cika wuri, wato waɗanda ake gani a fim amma ba sa magana. Na kira shi.

“Malam Idi, ba a yi kuskuren rabon kayan nan ba kuwa?”

Ya ce, “Inna Zainabu, ba kuskure. Amurka ce, amma an juya ta kamar waina. Wai mu ne muka fara ƙetare teku muka kafa ƙasar, sannan muka riƙa kwaso Turawa suna tsinko mana auduga.”

“To haka aka yi?”

“Ina fa! Akasin haka aka yi. So suke mai kallo ya ji yadda abin yake in an sauya masa wuri.”

“Ƙarya ce ke nan.”

“Ƙarya ce, Inna, amma da izinin hukuma.”

Na ce a garinmu in za a yi irin wannan sai an fara da ga ta nan ga ta nanku, kuma ba a yin ta da rana tsaka.

Ranar ƙarshe a masana'antar, ƙanƙara ta tare motar da ke kawo wasu 'yan wasa daga Paris. Cikinsu har da wadda za ta fito a uwargidan babbar gona, da tsohuwar baiwarta. Mai Gemu ya shigo ɗakin guga yana ta cizon yatsa. Ya gan ni tsaye, ɗankwali ya ɗauru, kaina a sama kamar yadda uwata ta koya mini. Ya tsaya cak.

“Wannan tsayuwar nake nema! Ku sa mata kayan uwargida.”

Na kalli Madam Odil. Ta ce, “Mai gugata ce. Ba ta zuwa ko'ina.”

Ya juya ya ƙare mata kallo daga kai har ƙafa. “Ke ma cire tabarau. Ina buƙatar tsohuwar baiwa.”

A wurin ɗauka ba a musu da mai ba da umarni, ko Madam ba ta isa ba. Amma ku gane inda na shiga. Mai Gemu sarkin kwana kaɗan ne, gobe zai naɗe igiyoyinsa ya tafi. Madam kuwa ita zan koma wa, tuwon 'ya'yana a hannunta yake. Da kanta ta ɗaura mini alharinin, tana soka allura tana cewa ta cikin haƙora, “Za mu yi magana a Paris.”

Aka zaunar da ni a wata kujera mai kama da gadon amarya, gasasshiyar kaza a gabana. Aikin, in ji Mai Gemu, mai sauƙi ne. Baiwa za ta durƙusa da tasar ruwa, in wanke hannu, in watsa mata ruwan a fuska, in kore ta da bayan hannu. In ya ce “aksiyon” a fara, in ya ce “kupe” a tsaya.

Ya ce aksiyon. Madam ta zo cikin tsumma ta durƙusa a kan simintin nan mai sanyi kamar ƙanƙara. Ni kuwa ga abinci a gabana, ga mutum a kusa. Kafin in ankara na tura mata farantin na ce, “Bismillah.”

“Kupe! Me take yi?”

Malam Idi daga bayan kujerata ya ce, “Tayi take yi mata. A wurinmu ba a cin abinci mutum na kallo.”

Mai Gemu ya ce a Amurkarsa ana ci. Aka koma. Na wanke hannu lafiya lau, sai bakina ya suɓuce: “Sannu da aiki.” Kupe. Aka koma. Wannan karon na kulle baki, amma da na ga furfurar nan a ƙasa da gwiwata, matar da ta girmi uwata, sai na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu, na kama ta zan tayar. Kupe. Na gwada watsa ruwan, sai na yayyafa shi kamar ana yi wa jariri wanka. Masu riƙe fitilu suka fara dariya. Malam Idi yana raɗa mini, “Inna, ki tuna da kakanninmu da aka bautar a can Amurka!” Na ce, “Rufe mini baki, kai ba a hannunta kake ci ba.”

Abin da ban lura da shi ba, duk kupe ɗaya sai Madam ta tashi ta koma baya ta sake durƙusawa. Ana gyara fitila sai na ga tasar na rawa a hannunta, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ta matso da kai ta ce a hankali:

“Zainabu, ladabinki zai karya mini gwiwa. Watsa ruwan nan in tashi, ko in watsa miki.”

To, mai abu ta ba da izini. Aka ce aksiyon. Na kishingiɗa, na yagi cinyar kaza na ci ban dubi kowa ba. Na wanke hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Sai na karɓe tasar dungum daga hannunta na juye mata a ka. Ba a ce in yi haka ba. Na kaɗa bayan hannu, na ja tsakin da sai da ya amsa a rufin masana'anta.

Ruwa na ɗiga daga hancin Madam. Mai Gemu ya manta da kupe ɗinsa, can ya daka tsalle yana tafi, wai abin da ya zo nema ke nan.

Na cire alharini na koma teburina, na ɗauki dutsen guga. Har na fara shirya abin da zan gaya wa 'yata Rabi in ta ga na daina fita da safe. Sai ga Madam ta shigo, tawul a kai, tana ɗingishi. Ta tsaya a gaban teburina.

“Kin bar teburinki kin je gaban kamara,” ta ce.

“Haka ne, Madam.”

“Ni ma na bar nawa. In na kore ki sai na kori kaina, ni kuwa ban shirya ba.” Ta jefa mini jiƙaƙƙen tsumman. “Busar da wannan. Kuma in an sake sa ki irin aikin nan, ki yi tun karon farko.”

Na ƙara shekaru da yawa a ƙarƙashinta, har Rabi ta gama karatu. Fim ɗin na gan shi sau ɗaya a wata ƙaramar sinima. Wurin da na fito bai kai tsawon atishawa biyu ba, amma duk wanda ya gani ya ce an haife ni ne don kujerar.

Abu biyu na koya ranar. Na farko na sana'a ne: aiki marar daɗi, in ya zama dole, yi shi da wuri, don jan ƙafarka wani ne ke durƙushe yana biya. Na biyu kuwa ban faɗa wa kowa ba sai da na tsufa. Lokacin da na juye tasar nan, wallahi daɗi na ji, daɗi har cikin ƙashi, ni da ɗazun nan nake yi mata tayin kaza. Zama kaɗan na yi a kujerar ta koya mini tsakin da ban san ina da shi ba. Tun daga ranar na daina yi wa masu irin wannan fim dariya. Ƙarya suke yi, amma sun san inda ciwon yake: a ba kowace fata wannan kujera, a zo a gani.

Madam Odil ta rasu, na je har maƙabarta na tsaya daga nesa. Mai Gemu ma na ji ya bi ta. Hajiya Indo Allah ya ji ƙanta. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, saura Malam Idi, yana Maraɗi ya yi furfura, in ya bugo waya har yau “ranki ya daɗe, uwargidan Amurka” yake fara cewa. Sai kuma ni, da har gobe ba mai yi mini guga.