Uwar Wancan Yaron

Shekarar da nake aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Kontagora aka kawo mana baƙi, ɗalibai uku daga Turai masu koyon aikin jinya. Hutu suka samu, suka zo duba marasa lafiya kyauta a ƙauyuka. Ni aka haɗa da doguwar cikinsu in yi mata tafinta, ba don na fi kowa Turanci ba, sai don na fi kowa surutu.

Damina ce. Babura suka kwashe mu zuwa wani ƙauye a hanyar Mashegu, muka isa da taɓo har gwiwa. Baƙuwata ko a jikinta. Tana da kirki, sai dai akwai ta da saurin yanke hukunci.

Da hantsi wata dattijuwa ta kawo yaro ɗan shekara uku, jikinsa zafi rau. Muka gwada jini, zazzaɓin cizon sauro ne, har ya fara cin ƙarfinsa. Baƙuwa ta ciro magani ta shiga bayani ina fassarawa: ƙwaya ɗaya yanzu, ɗaya bayan awa takwas, daga nan safe da yamma har kwana uku, a haɗa da abinci mai maiƙo. Dattijuwa sai "to, to" take yi. Sai da muka gama kaf ta ce, "Ai ni goggonsa ce, 'yar nan. Yau ma zan koma Kasuwan Garba. Ga uwar can."

Muka waiwaya. Can gindin ɗorawa wata matashiya ta ba mu baya tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta san da zuwanmu ba.

Baƙuwa ta yi ja har kunne. "Ɗanta na cikin wannan hali tana ɓarar gyaɗa? Kira min ita!"

Na kira, ta ƙi tasowa. Na gaya wa baƙuwa ɗan fari ne, kuma a nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi a gaban dangin miji. Ta dube ni kamar na ce mata rana daga yamma take fitowa. Gaskiya ni ma raina ya ɓaci. Alkunya ba ta sauke zazzaɓi, kuma in goggo ta tafi, wa zai san lokacin ƙwaya ta biyu? Haka muka ci gaba da duba mutane, hankalina na kan yaron.

Da la'asar ana ɗaure kaya a babura, na zaga bayan rumbu in wanke hannu. Sai na ji an kama gefen hijabina. Uwar yaron ce, kanta a sunkuye.

"Malama, ɗaya da hantsi, an ba shi. Ta biyu da magariba. Daga nan safe da yamma, da abinci mai maiƙo. Na aika a sayo nono. Haka ne?"

Na ce haka ne. Ko ɗaya ba ta bari ba. Kunya ta kama ni.

Sannan ta ce a hankali, "Wancan yaron, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Tambayar min baturiyar, zai tashi?"

Na jawo baƙuwa bayan rumbun. Ta riƙe hannun matar ta ce in aka bi maganin, tana sa ran zai tashi. Matar ta yi kukanta na ɗan lokaci ba sauti, sannan ta goge fuska sosai da bakin zane kafin ta fita, kada surukarta ta gani.