Muryar Yaya Mai Robobi

Yayana robobi yake sayarwa a kura, bokiti da baho da buta, kuma tun ina 'yar firamare da maƙogwaronsa yake ciyar da gidansa. Bai iya daɗin baki ba, ciniki ma sau da yawa shi ake cuta. Amma idan ya tsaya a bakin layi ya ja “Ga robobiii”, matar da ke can ƙuryar ɗaki ma sai ta leƙo.

Bara muryar ta fara dushewa. Ya sha zuma, ya sha citta, ya ce mura ce. Da muka matsa masa ya je asibiti, likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, dole a yi aiki, kuma bayan aikin babu sauran magana. Aka sa rana. Yaya ko tambayar zai tashi bai yi ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne wa zai kira masa masu saye, ga yara a makaranta.

Ni a shagon buga takardu nake aiki, kuma akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungu da sai an lallashe ta take kamawa. Na sa mata manhajar gyaran sauti ta kyauta, irin ta 'yan koyo, na ce ya zo mu naɗi kiran tun da sauran muryar, daga baya a ɗaura ƙaramar lasifika a kurar.

Da ya zo, ya ƙura wa zanen sautin da ke hawa da sauka a fuskar kwamfutar ido, ya ce, “Auta, wannan ciyawar ce muryata?”

Ashe mun makara. Kalma ɗaya zai faɗa tari ya sarƙe shi. Sai muka koma tsinta: yau a samu “bokiti” mai kyau, jibi a samu “baho”, a yanko a jera. Mutumin da saƙon waya ke gagara, sai ga shi ya iya jan linzamin kwamfuta, ya zaɓi tari ya goge da kansa. Kullum muryar raguwa take, ranar aikin kuma tana matsowa.

Matarsa kan kawo masa ruwan zafi a filas da rana, ta zauna a kan kwalin takarda. Yana tsokanarta, tana ramawa, na'ura na ta ɗauka. Da ta tafi zai bi ya share duka.

“Wannan surutu ne,” in ji shi. “Ba ya sayar da bokiti.”

Jan nan na ƙarshe, na “robobiii”, shi ya gagara. Muka sa manhajar ta miƙe kalmar, ta fito kamar kukan akuya. Muka yi dariya, shi tasa ta ƙare da hawaye. Ana gobe za a kwantar da shi ya dafa tebur, ya tattaro duk abin da ya rage masa, ya ja ta sau ɗaya. Ta fito ras. Da ya goge baki na ga jini a hankicin.

An yi aikin, ya tashi. Yanzu yana tura kurarsa shiru, lasifika na kira, mata na fitowa, yana nuna farashi da yatsu.

Rannan matarsa ta zo shago ita kaɗai, ta daɗe tana kame-kame kafin ta ce, “Auta, duba min a abin nan naku, ko akwai inda ya kira ni. Ko sau ɗaya ne.”

Na buɗe duk inda na san ana buɗewa. Yaya ya yi aikinsa tsaf, bai bar komai ba sai kiran.

Sai ta miƙo min wayarta.

“To sa min wannan ɗin.”

Na tura mata. Ta tsaya a ƙofar shago, waya a kunne, mijinta na tallar bokiti da baho. Da ya ƙare ta sake dannawa.