Baƙin Maɓallin da Ke Tsakanin Fa da Sol

Wanda ya koya mini fiyano tsohon ɗan badujalar soja ne a Maraɗi. Kowace Asabar nakan bar Jibiya in tafi wurinsa, kuma shekara uku muka yi muna faɗa a kan baƙin maɓalli guda, wanda ke tsakanin fa da sol. Sunansa biyu: fa diyez, ko sol bemol. Sautin ɗaya ne, ko kurma ya san haka. Amma Malam ya ce a jerin sautuka bakwai kowane suna sau ɗaya yake fitowa, don haka in ka faro daga sol, na bakwai dole a rubuta shi fa diyez. Ni kuwa don taurin kai sol bemol nake rubutawa.

"Sol biyu cikin gida guda, sautin fa kuwa ka kore shi waje," yakan ce. "Mi ya yi maka?"

"Malam, ai kunne bai san bambanci ba."

"Takarda ba ta kunnenka ba ce. Ta wanda za shi karanta ce bayan ba ka nan."

Sai aka rufe iyaka. Ana cikin haka ɗiyar Malam ta kira ni: "Yaya, jikin Baba ya yi tsanani, kai yake cigiya."

Na saɓi jakar ɗan ƙaramin fiyanona na nufi Magama, bakin iyaka. An gitta sanda a titi, jami'ai suka ce umarni ne daga sama. 'Yan acaɓa suka yi mini tayin hanyar daji, amma na riga na rantse wa mahaifiyata ba zan bi ta ba, saboda 'yan bindiga. Maraɗi fa, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba! Kwana uku ina sammako, in zauna a inuwar wata tirelar albasa da ta fara wari, in koma gida da la'asar kamar an yi mini duka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Rana ta uku na rasa abin yi, na zaro littafin darasina. Shafi-shafi na bi, ina soke sol bemol ina rubuta fa diyez, har biro ya ƙafe na ari na direban tirelar. Da na gama na kira ɗiyar, na ce ta kara masa waya a kunne.

"Malam, saurara. Sol, la, si, do, re, mi, fa diyez."

Can na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa: "Ka rubuta, ko da baki kawai?"

"Wallahi na rubuta."

"To, kawo in gani."

Na ɗaga kai na dubi sandar nan. Na ce, "Ga ni nan zuwa, Malam."

Ranar Juma'a aka yi jana'izarsa, ina wannan gefen iyaka da littafin a hannu.