Gawayin Kawu Mani

Duk wanda ya san Kawu Mani ya san aljihunsa baƙi ne ƙirin, don gawayi ba ya rabuwa da shi. Mutumin nan bai iya zama ba! Kana tsakiyar gaishe shi zai miƙe, ya nufi bangon mutane, ya zana akwati biyu da hotuna a ciki, ya juyo ya ce, "To, mi ya faru a tsakani?" Matarsa Inna Ige ta yi wankin riguna har ta sallama.

Da ƙuruciyarsa gwamnati ta tura shi Turai karatun zane. Can ya kamu da son labarin da ake bayarwa da hotuna zalla, ba rubutu ko ɗigo. Da ya dawo garinmu Gidan Goga, kakanmu ya zaunar da shi da ƙyar.

"Mani, mi ka karanto?"

"Baba, hilin da aka bari tsakanin hoto da hoto. Nan labari yake."

"Mi ke cikin hilin?"

"Babu komi."

Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Allah shi kyauta. Ga gona can, ita ma hili ce."

Kawu ya rantse cewa hoto ba shi da yare, kowa a duniya zai gane. Ranar kasuwar Damri ya ja ni muka je gwaji, da zanen wani mutum mai tunani, ga ƙwan lantarki a saman kansa, yadda Turawa ke yi. Ya nuna wa wata tsohuwa mai daddawa.

"Inna, mi wanga mutum ke yi?"

"Wanga ba ɗan nan ba ne," in ji ta. "Ka ga an kawo musu wuta."

Kai, ranar na ga tashin hankali! Ya zagaye kasuwar nan yana leƙa fuskokin mutane kamar wanda aka sace wa akuya, har ya hango wani dillali ya yi tagumi. Nan take ya goge ƙwan, ya zana tagumi, ya koma wurinta da sauri. Ta duba, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, bawan Allah! Wa ya mutu mishi?"

Ni kuwa da bikina ya zo, roƙonsa na yi ya bar min katin gayyata in kai a buga. Ina! Ya zana amarya, ya zana tukunya a kan wuta, ya zana ƙofar gidanmu, ba suna ba komai, aka raba. Tunda ba sunan kowa, duk wanda katin ya biya ta hannunsa ya ɗauka shi ake nufi. Daga Kaya har Bakura mutane suka yi ta sauka, tuwo ya ƙare ko dangin amarya ba su iso ba. Raina ya ɓaci sosai, shi kuwa yana ta zagaya tsakar gida yana tafa hannu.

"Ka gani? Dut sun gane!"

Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Mafara haya, Kawu ya ƙi kwance kayansa. Kullum yana tasha yana tambayar direbobi ko hanya ta yi kyau. A bangon gidan hayar ya zana akwati biyu. Na farko gidanmu ne, ƙofa a buɗe, rumbu a kife, ba kowa. Na biyu gidan ne dai, amma ga hayaƙi yana tashi daga madafa, ga takalma a bakin zaure. Ya bar fili a tsakani wanda ya fi tsawon tabarma.

Na ce, "Kawu, hilin ga ya yi yawa."

Ya ce, "Ni ma na gani." Karo na farko ke nan da bai tambaye ni abin da ya faru a tsakani ba.

A Mafara muka binne shi, kayansa na ɗaure. Mai gidan hayar ya zo da fenti zai shafe zanen, Inna Ige ta tsaya a gaban bangon ta ce sai dai ya fara da ita. Zanen na nan, kuma wallahi har yau ba na iya wucewa ban tsaya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Mani, Ya ba shi wurin da zai zauna ya huta. Mu kuma Allah Ya kai mu akwati na biyu.